Waƙar Tina Turner ta 1984: tsoron so ne, ba raina shi ba

Mutane da yawa a nan Damagaram sun san kiɗan wannan waƙa ko da ba su san sunanta ba. Ita ce What's Love Got to Do with It ta mawaƙiyar Amurka Tina Turner, wadda ta fito a 1984, shekarar da mu a nan muka fi tunawa da fari da rufe iyakar Najeriya. Da yake mafi yawanmu Faransanci muka yi a lakwal, amshi kaɗai ke isa kunnenmu. Wani ya fassara mana shi da "ina ruwan so da wannan", shi ke nan sai a yanke hukunci cewa waƙar mace ce da ta raina soyayya. A ganina an yi wa waƙar rashin adalci. Mace ce da so ya riga ya kama, tsoro ya cika mata ciki, tana laluben hujjar da za ta musanta. Yadda aka gina waƙar, da hanyar da ta bi kafin ta fito, abu ne da ya kamata yaranmu masu shiga sitidiyo a garin nan su zauna su duba da kyau.

A baiti na farko mace ce ke yi wa namiji bayani, a natse, kamar mai ba da darasi. Ta amsa cewa in ya taɓa hannunta bugun zuciyarta yana ƙaruwa, amma nan take ta ce ba komai ba ne illa ɗabi'ar jiki, abin da hankali zai iya bayyanawa. Sai ta rufe baitin da ce masa ya yi ƙoƙari ya kau da kai daga cewa abin ya wuce haka. Tun daga nan asirinta ya fara tonuwa, don ba a ce wa mutum ya kau da kai daga abin da babu shi.

Amshin kuwa tambayoyi ne zalla, babu magana ɗaya da ta tsaya a kanta ta ce haka ne. Ta tambayi abin da ya haɗa so da wannan al'amari, ta kira shi kayan gwanjo da wasu suka riga suka sa suka tuɓe, sannan ta tambayi amfanin zuciya tunda zuciya karyewa take yi. Tambayar ƙarshen ita ce ginshiƙin waƙar. Ba cewa ta yi so ba shi da daɗi ba, karyewar ce ba ta so a maimaita mata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

A baiti na biyu hujjar ta fara rauni. Ta yarda cewa in yana kusa rikicewa take yi. Ta ce ta karanta a wani wuri cewa akwai dalilin hakan, akwai ma sunan da ake kiran abin da shi, amma ta ƙi faɗin sunan. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Matar da ba ta kiran sunan mijinta, da uwar da ke kau da kai daga ɗanta na fari a gaban mutane, ba ƙiyayya ce ta hana su ba. Mun taso muna gane so ta wurin abin da aka ƙi faɗa, shi ya sa nake ganin kunnen Bahaushe ya fi dacewa da wannan waƙa fiye da yadda muke zato.

Bayan amshi na biyu da ɗan busa, sai wani gajeren sashe ya zo wanda ba baiti ba ne, ba amshi ba, kuma sau ɗaya tak yake zuwa. Ɗango huɗu ne. A ciki ta ce ta kama sabuwar hanya, tana tunanin kare kanta, kuma wannan abin da take ji yana ba ta tsoro. Nan kaɗai aka ambaci tsoro a duk waƙar, kuma sai da aka cinye fiye da rabinta. Daga nan amshi ya dawo, kalmominsa kusan ba su canza ba, amma mai sauraro ba zai ƙara jin sa kamar da ba. Ko a zagin da ta yi wa so na ƙarshe, inda ta kira shi tsohon yayi, sai da kalmar daɗi ta kuɓuce mata.

Kiɗan ma aikin da kalmomin ke yi yake yi. Saurinsa wajen bugu 98 a minti ne, ba na rawar biki ba, ba na kuka ba, tafiyar mai ƙoƙarin nuna ba abin da ya dame shi. Baitocin suna ƙasa-ƙasa, kusa da magana, a kan sauti mai duhu, kayan kiɗa kaɗan ne kuma akwai fili tsakaninsu. In amshi ya zo sai sautin ya washe, jita ta riƙa sara tsakanin bugu da bugu irin na rege, muryar ta haura ta yi kaushi. Wato a daidai inda baki ke cewa babu so, nan murya ta fi nuna akwai shi. Busar nan da ake ɗauka ta harmonika ce, daga fiyanon Yamaha DX7 ta fito, wanda a 1983 ya shigo kasuwa. A wajen busar ne aka ɗaga sautin waƙar gaba ɗaya, amshin ƙarshe ya zo a sama da na farko. Duk wannan bai cika minti 4 ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ba Tina ta rubuta ba, kuma ba don ita aka rubuta ba. Maza biyu ne suka tsara ta: Terry Britten, haifaffen Ingila da ya tashi a Ostireliya, da Graham Lyle ɗan Sikotilan. Sai da waƙar ta yi yawo. An kai ta wajen mawaƙin Birtaniya Cliff Richard ba a karɓa ba. Ƙungiyar Bucks Fizz, wadda ta ci gasar Eurovision a 1981, ta ɗauke ta a farkon 1984 da muryar namiji, amma da ta Tina ta fito sai suka ajiye tasu, ba a sake ta ba sai a 2000. Mai son ya gane aikin murya ya nemi wannan ya saurara, ya kuma saurari ta Tina. Kalmomi ɗaya ne, kiɗan bai yi nisa da juna ba, amma a bakinsu waƙar ta saurayi ce mai yanga, babu ciwo a cikinta.

Ita kuwa a lokacin tana da shekara 44. An haife ta ranar 26 ga Nuwamba 1939 a jihar Tennessee, sunanta na yanka Anna Mae Bullock. Ta yi suna tare da mijinta Ike Turner tun daga 1960, ta gudu daga gare shi a 1976 bayan shekaru na duka da wulaƙanci, aka raba auren a 1978. Albam biyu da ta yi ita kaɗai a 1978 da 1979 ba su yi kasuwa ba. Kamfanonin Amurka kallon wadda zamaninta ya wuce suke mata, tana waƙa a otal-otal tana biyan bashi. Manajanta Roger Davies, ɗan Ostireliya, shi ya karkata da ita Ingila. A Nuwamba 1983 ta fitar da Let's Stay Together, tsohuwar waƙar Al Green, tare da Martyn Ware na ƙungiyar Heaven 17, ta kai matsayi na 6 a Birtaniya. Wannan ne ya farkar da kamfanin Capitol, suka ce a kawo albam cikin gaggawa tun ƙarfe na da zafi. A Landan aka haɗa albam ɗin Private Dancer cikin ƴan makonni, aka rarraba aikin ga masu haɗa kiɗa daban-daban don lokaci ya ishe su.

Cikin wannan gaggawar aka miƙa mata waƙar Britten da Lyle, kuma da ta ji gwajin farko ba ta so ta ba. Ita mai waƙar rok ce mai ƙarfi, wannan kuwa ta ji ta laƙwas. Davies ya matsa ta je ta ga Britten. A sitidiyon Mayfair suka yi aikin, kuma abin da ya fito daga haɗuwar nan shi ne kowa ya saki wani abu: ita ta rage murya a baitoci, abin da ba ta saba ba, shi kuma ya bar ta ta kawo kaushinta a amshi. Da ta yi ihu tun daga ɗangon farko kamar yadda take yi a dandali, da babu ɓoyon da za a tona daga baya. Da kuma ta bi gwajin sau da ƙafa, da ta zama irin ta Bucks Fizz.

Waƙar ta fito a Mayu 1984, albam ɗin ma a watan. Ba ta yi tsalle ɗaya ta hau sama ba, sai da ta yi wata huɗu tana hawa. Ranar 1 ga Satumba 1984 ta ɗare matsayi na ɗaya a jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ta yi mako 3 a wurin, shekara 24 bayan Tina ta fara shiga jerin. A lokacin babu macen da ta kai wannan matsayi ita kaɗai da shekaru irin nata, kuma ita ce kaɗai waƙarta da ta kai na ɗaya a can. A Birtaniya ta tsaya a na 3. Bidiyon da aka ɗauka tana tafiya a titunan Niyok ya taimaka ƙwarai, don tashar MTV tana tashe a lokacin. A bikin Grammy na Fabrairu 1985 waƙar ta ci kyauta uku: faifan shekara, waƙar shekara, da gwanar mata a waƙar pop. Ta waƙar shekara marubutan biyu aka ba, ba mawaƙiyar ba, don su can sun raba rubutu da rerawa, kowa da haƙƙinsa.

A 1993 aka yi fim kan rayuwarta aka sa masa sunan waƙar, Angela Bassett ta fito a matsayin Tina, Laurence Fishburne a matsayin Ike. Tun daga nan mutane suka ɗauka labarin aurenta ne aka rubuta. Ba haka ba ne a tarihi, ko da yake ba za a zargi mai jin haka ba, tunda abin da ta sha yana cikin muryar. Warren G da Adina Howard sun mayar da ita rap a 1996, Kygo ɗan Norway ya sake mata kiɗa a 2020. Tina ta rasu ranar 24 ga Mayu 2023 a Suwizalan tana da shekara 83.

To, mene ne namu a ciki? Waƙoƙin soyayyarmu na fiyano galibi shela ce: ina son ki, ba ni iya rayuwa sai da ke, tun daga ɗangon farko har na ƙarshe. In ba shela ba, to kukan yaudara. Abin da ke tsakani, wato mai so da ke tsoron amsawa, da wuya ka ji shi, alhali gidajenmu cike suke da shi. Bazawarar da aka fara yi wa sallama bayan ta sha wuya a gidan farko, saurayin da aka taɓa fasa aurensa bayan an kai kaya, duk wannan halin suke ciki. Ba ina cewa a kwafi waƙar Tina ba. Karinta da kalmominta suna da masu su, wanda ya fassara ta ya ɗora a YouTube ba da izini ba, ko a toshe ta ko kuɗin tallan ya tafi wurin masu haƙƙi. Taɓa hannu da zancen sha'awar jiki ma ba su dace da bakin ƴar Damagaram ba, kuma ba a bukatar su. Tsarin ginin ne abin ɗauka.

Mai rubutu ya fara da hujjar da mai maganar za ta fake da ita, hujjar da ta yi kama da gaskiya. A wurinmu tana iya cewa mutunci ne kawai, ko zumuncin unguwa, ko sabo da gaisuwa. A baiti na farko hujjar ta tsaya da ƙafarta, sai ɗangon ƙarshe ya ɗan yi ɗigo. A na biyu a nuna abu ɗaya da ido ke gani wanda ya ƙaryata ta: ta san ƙarar babur ɗinsa cikin kabu-kabu goma, ko ta sake ɗaurin kallabi da ta ji sallamarsa a zaure. Abu ɗaya ya isa, in aka jera biyar ya zama lissafi. Furucin tsoron a ajiye shi sai an ci kashi biyu cikin uku na waƙar, kada ya wuce ɗango huɗu, kuma kada a maimaita shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ji daɗin wannan sashe a mayar da shi amshi. Tsoron da aka faɗa sau shida ya tashi daga tsoro ya koma ƙorafi. Wani kuskuren shi ne amsa-amo ya ja marubuci: ana neman kalmar da ta ƙare da "ya" sai a jefa "soyayya" a baitin farko, alhali dukan dabarar ita ce a ƙi faɗin sunan. Baiti biyu sun wadatar. Al'adarmu ta baiti biyar da minti 7 ba ta yi wa irin wannan waƙa kyau, don musu ba ya jure tsawo. Haka kuma in za a sa ƴan amshi ko muryar namiji yana mayar da martani, kada ya tona ta. Da zarar ya ce "ai na san kina so na", mai sauraro ba shi da sauran aiki.

A sitidiyo, a fara neman sautin daga sama. A sa mawaƙiya ta rera amshin ƙarshe, wanda za a ɗaga, a ga inda muryarta ta kai ba tare da ta shaƙe ba, sannan a sauko a gina baitoci. Yawanci akasin haka ake yi: mai fiyano ya zaɓi sautin da ya yi wa tasa muryar daɗi, a ɗauki baitoci lafiya, a zo ƙarshe yarinya ta kasa haurawa, sai a tura ta da na'ura muryar ta koma ta ƙarfe. Sauri tsakanin bugu 90 da 100 a minti ya dace. In ya haura 110 ƙafa ce za ta amsa, kunne ya bar kalmomin. A baitoci ta matso makirfo kamar taƙi ɗaya, wajen santimita 15 zuwa 20, ta yi kamar da mutum ɗaya take magana. A amshi ta ja baya ninki biyu don kada sautin ya fashe. Otocun, na'urar gyara murya, a sassauta shi a baitoci, a sashen furucin kuwa gara a cire shi, domin ɗan rawar da murya ke yi a nan ita ce kayan sayarwar, na'urar kuma aikinta ta goge ta. A ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe sau uku a zaɓa, ya fi a yi ta ɗango-ɗango, don hawan da ake so daga natsuwa zuwa fashewa ba ya haɗuwa da gutsattsari. Fanka a kashe ta lokacin ɗauka. A watannin Afrilu da Mayu wannan yana nufin a yi aikin da sassafe, kafin ɗaki ya yi zafi kuma kafin babura su cika titi. Lokacin hunturu a ajiye ruwan ɗumi kusa, ƙurar tana busar da maƙogwaro. In an gama haɗawa a saurara a ƙaramar salula kafin a ce an gama, don a nan mafi yawan mutane za su ji ta, kuma lasifikarta ba ta fitar da sautin ƙasa. Baitin da aka rera a hankali shi ke fara ɓacewa in ganga ta yi yawa.

Wajen fitarwa, tun kafin waƙa ta bar sitidiyo a rubuta a takarda wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, wa ya rera, da kason kowa, kowa ya sa hannu, a kai rajista hukumar haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA. Ranar da ta shiga hannun masu tura waƙa a Kasuwar Dole ta fita daga ikon mai ita, gobe za a ji ta a Matamaye da Magarya da sunan wani a kai. A ajiye uwar waƙar a WAV a wuri biyu, a fitar da MP3 don rabawa. A 128 kbps kowane minti kusan mega ɗaya ne, waƙar minti 4 ba za ta wuce mega 4 ba, kuma a rubuta sunan waƙa da na mawaƙi a cikin fayil ɗin kansa, ba a sunansa na waje kaɗai ba, wanda kowa ke iya canzawa. Kada a jira sai an tara waƙa goma. Waƙa ɗaya ce ta buɗe wa Tina ƙofa wata shida kafin albam, kuma What's Love Got to Do with It sai da ta yi wata huɗu kafin ta kai ƙololuwa, don haka wanda ya saki tasa ya ga mako biyu shiru kada ya yi saurin binne ta da wata sabuwa.

Sai guntun da za a sa a TikTok da WhatsApp. Kowa amshi yake yankowa, don shi ya fi kama kunne. A waƙar shela ba laifi, amma a irin wannan amshin musu ne, in ya fita shi kaɗai mutane za su ɗauka da gaske ake, su riƙa ɗora shi a kan bidiyon zagin maza ko na mata, kamar dai yadda aka yi wa ta Tina shekara da shekaru. A yanko daƙiƙa 30 da suka fara daga ɗango biyun ƙarshe na furucin tsoron su shiga cikin amshin ƙarshe, kuma mai waƙar ya riga kowa sakin wannan guntun, don wanda ya fara yawo shi ake kwafa.